Shayin ganye daban, magani daban: amsa ga mai shirin buɗe sana'a a Gombe

Wata baiwar Allah da ke zaune a Tunfure ta aiko da tambaya. Ta ce ta daɗe tana haɗa shayin zogale da citta da kanumfari da zoɓo tana ba 'yan'uwa da maƙwabta, har an fara ce mata ta mayar da shi sana'a. Tana so ta ƙulla a fakiti, ta rubuta "oganik" a jiki, ta haɗa da wasu magunguna da ta gada wajen kakarta, na basir da na sanyi da na hawan jini, ta riƙa talla a WhatsApp da Facebook. Tsoronta kada ta ci haram, ko ta cutar da wani ba ta sani ba. Ta ina za ta fara?

Ƙanwata, Allah Ya sa albarka a wannan niyya. Ni harhaɗa magunguna na karanta, kuma na daɗe ina hulɗa da masu haɗa na gargajiya, na ƙwaransu da na banzansu. Shawarata duk a kan abu guda take: kada ki rubuta a jikin fakiti, kada kuma ki furta da bakinki, abin da ba za ki iya tabbatarwa ba idan aka tsare ki da tambaya. Daga ina ganyen ya fito, me aka fesa masa, a ina aka shanya shi, me yake yi a jiki. Duk wanda ba ki da amsarsa a cikin waɗannan, to ba ki isa sayar da kayan ba tukuna.

Sana'a biyu kika ambata, kina yi musu kallon ɗaya. Shayin zogale da citta abin sha ne, mutum ya sha don daɗi da ɗumin jiki, in ya daina babu abin da zai same shi. Ƙullin hawan jini kuwa magani ne, kuma wanda ya saya yana iya ajiye ƙwayar da likita ya ba shi saboda ya dogara da ke. Nauyinsu ba ɗaya ba ne a wajen hukuma, ba ɗaya ba ne a wajen Allah. Ki fara da shayi kaɗai, kala biyu ko uku, ki riƙe su har hannunki ya faɗa. Maganar magungunan kaka zan zo kanta daga baya.

Zancen oganik ne zai fi ba ki wahala. Mutanenmu da yawa suna ɗauka duk abin da ya fito daga ƙauye ko daga daji ya cancanci sunan. Ba haka ba ne. Ƙa'idar ita ce an noma shuka ba takin zamani, ba feshin ƙwari na kanti, ba feshin ciyawa, kuma gonar ta yi shekaru a haka. A Amurka sai ƙasa ta yi shekara 3 ba a zuba mata komai ba kafin a karɓi amfaninta da wannan suna. A Tarayyar Turai shekara 2 ne ga shukar da ake girbewa duk shekara, 3 ga bishiyoyi. Bayan haka sai wani wanda ba ke ba ya zo ya duba, ya ba da takardar shaida. Kamfanoni irin su Ecocert suna wannan aikin, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai farawa. A nan gida akwai ƙungiyar masu noman oganik ta ƙasa, NOAN, da ke da tsarin da manoma ke haɗuwa su riƙa duba gonakin juna, kuma shi ya fi dacewa da irinmu.

Yanzu ki duba yadda ake noman yakuwa a ƙasar Gombe. Sau da yawa a iyakar gona ake shuka ta, ko a tsakanin kunyoyin wake da gero. Wake kuwa ba ya yi sai da feshi, wani manomin sau uku, wani fiye. Iskar da ta ɗauki feshin ba ta san iyakar gona ba. Manomin zai rantse miki bai fesa wa yakuwarsa komai ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma zoɓon ba oganik ba ne. Haka zogalen lambu, da damina tsutsa ta kama shi mai lambu feshi zai yi. Na'a-na'a kuma ki tambayi ruwan da ake ba ta, don wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata suke ban ruwa.

Saboda haka buhun zoɓon da kika saro a Tudun Hatsi, ko cittar da ta biyo mota daga Kachia da Kafanchan ta ratsa hannun dillalai huɗu, ba ki da hurumin kiransu oganik. Kanumfari da kirfa ma ba a ƙasar nan ake nomansu ba, ta jirgin ruwa suke zuwa. Wannan bai hana ki sayarwa ba, rubutun ne zai canza. Ki nemi manoma biyu ko uku, a Dadin Kowa ko gefen Balanga inda akwai ruwan rani, ki yi yarjejeniya da su tun kafin shuka, ki riƙa zuwa da ƙafarki ba tare da kin sanar ba. Kwalejin koyon aikin lambu ta tarayya tana nan Dadin Kowa, ba za ki rasa wanda zai nuna wa manomanki yadda ake haɗa takin gargajiya da feshin ruwan darbejiya ba. Sai ki rubuta abin da kika gani da idonki: zogalen nan a gona kaza aka noma shi, ba a yi masa feshi ba, citta da kanumfari kuwa na kasuwa ne. Mai saye da ke da hankali ya fi yarda da wannan a kan babban tambari da kowa ke bugawa a shagon kwamfuta.

Abin da ya fi feshin gona ba ni tsoro shi ne na rumbu da sito. 'Yan kasuwa da yawa suna yayyafa fiya-fiya a jikin buhu, ko su jefa ƙwayar bam a ciki don kashe ƙwari. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Wake aƙalla ana wanke shi a dafa. Ganyen shayi kuwa ruwan zafi kawai ake zuba masa a shanye ruwan. Duk buhun da kika buɗe kika ji wani wari mai hawa kai, ki mayar, ko da kyauta aka ba ki. A naki ɗakin ajiya kada wani maganin ƙwari ya shiga. Ki busar da kaya sosai, ki zuba a durom ko bokiti mai murfin da iska ba ta shiga, ko buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ajiye wake, ki ɗora a kan katako nesa da bango. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska.

Shanya ita ce rabin sana'ar. Ganyen zogale ɗanye kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne. Idan kika baza shi a rana zai bushe da wuri, amma zai koɗe ya koma ruwan ƙasa, wani ɓangare na amfaninsa ya tafi. A inuwa ake shanya ganye, a kan raga da aka ɗaga daga ƙasa, a ɗakin da iska ke ratsawa, da wata ragar a tagogi saboda ƙuda da ƙura. Ki wanke da ruwa mai tsabta kafin shanya, ki baza shi siriri, ki riƙa juyawa. In kin samu na'urar busarwa, zafinta kada ya wuce digiri 50. Citta da zoɓo sun fi jure rana, amma ba a kan kwalta ba, ba a ƙasa inda kaji da awaki ke bi ba. Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da hunturu kaya na bushewa cikin 'yan kwanaki, abokin gabarki ƙura ce. A watan Agusta, lokacin marka, ganye na iya kwana uku yana laushi har fumfuna ta kama shi. Ni da zan ba ki shawara, ki tara yawancin kayan shekara daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da zoɓo ma yake sabo, ki rage aiki da damina.

Fumfuna ba ƙazanta ce kawai ba. Wata irinta tana fitar da dafin da ake kira afilatoksin, wanda tafasa ba ta kashe shi, kuma yana taruwa ya lalata hanta har ya kai ga ciwon daji. Citta da ba ta bushe har ciki ba tana cikin masu kama shi. Ki karya ta ki gani. Ganye kuma in kin murza ya ruguje, ya yi. In ya lanƙwashe, da saura. Ranar da za ki tarar rabin buhu ya yi laima, shaiɗan zai raya miki ki sake shanyawa ki niƙe, ai a gari ba mai ganewa. Ki tuna hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, mai kayan ya ce ruwan sama ne, ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Zubarwa za ki yi, ki rubuta a asara.

Niƙa kuma kada ki kai injin unguwa. An niƙa barkono da gyaɗa da masara kafin naki, kuma haƙoran injin suna cinyewa su zuba ɓurɓushin ƙarfe a gari. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta irin wannan hanyar ta shiga gidaje, ana niƙa duwatsun zinare a cikin gari, har da injinan hatsi. Ƙaramin inji na ƙarfen da ba ya tsatsa, naki na kanki, ya fi miki kwalin ado muhimmanci. Shayi ma ba ya buƙatar gari mai laushi, ɓarza ta isa.

Ga wani lissafi da nake so ki yi da biro. Ƙullin shayi ɗaya giram 2 ne. Kilo ɗaya na busasshen ganye zai ba ki ƙulli 500, wato fakiti 25 masu ƙulli 20. Ki raba kuɗin kilon gida 25, ki kwatanta da kuɗin kwali da takardar ƙulli da bugun tambari da man janareto da kuɗin aika saƙo a tasha. Za ki ga ganyen ne mafi araha a cikin fakitin. Ma'ana ko kin ninka wa manomi ko matar da ta tsinko miki ganye farashin kasuwa, abin da zai ƙaru a kan fakiti ɗaya kaɗan ne. Babu dalilin matse su. Ki saya da sikeli a gabansu, ba da mudun da aka bubbuge gindinsa ba, ki biya a ranar, kada ki jira sai kin sayar. Wanda kika hana feshi amfaninsa zai ragu, dole ki cike masa gurbin, in ba haka ba zai fesa da dare ya ce miki bai yi ba. Kuma kada ki tara yara 'yan makaranta ko almajirai suna zage miki zogale yini guda a kan kwanon abinci. Akwai zawarawa da matan aure a unguwarku da ke neman irin wannan aikin, ki yanka musu lada sananne.

Sassaƙe da saiwa ki yi nesa da su a yanzu. Wanda ya bi dazukanmu zai ga maɗaci da hano da marke an feɗe su zagaye, sun bushe a tsaye. Bishiya ta ɓawonta take tura abinci daga ganye zuwa saiwa, in aka zagaye shi an yanke mata maƙogwaro. Tsofaffin masu magani gefe ɗaya suke sassaƙa, a tsaye, su shafe wurin da ƙasa, su bar ta shekaru. Mai cika buhu ya kai kasuwa ba ruwansa da wannan, kuma kuɗinki ne zai tura shi. Ana ta dashen itatuwa a jihar nan tun da aka ƙaddamar da shirin 3G a 2019, ga ɗan abin da ya rage a dajin Kanawa ana lallaɓawa, bai kamata mai cewa sana'arta ta amana ce ta zama mai saran na daji ba. Ganye da fure da 'ya'ya suna sake fitowa: zogale, zoɓo, na'a-na'a, tsamiya, kuka, goruba. Sun ishe ki.

Sai hukuma. Ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan ki nufi ofishin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, na jiha kafin ki buga kwali ko ɗaya, don su ne za su gaya miki abin da ya halatta ki rubuta. Za su zo su duba wurin aiki, kuma ba za su karɓi kicin ɗin da ake tuwo a ciki ba. Ɗaki ne daban, mai siminti ko tayil, da wurin wanke hannu, da inda ake ajiye ɗanyen kaya daban da wanda aka gama. Za su ɗauki samfuri su gwada. In kayan magani ne, sai an haɗa da rahoton gwajin guba daga ɗakin binciken da suka yarda da shi. Akwai abin da mutane ba su fahimta ba a nan. Lambar da ake ba yawancin magungunan gargajiya, wadda ke ƙarewa da harafin L, shaida ce cewa an gwada ba a ga cutarwa ba, ba shaidar yana warkarwa ba ce. Shi ya sa ake tilasta rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Mai lasifika a tasha da ke ɗaga kwalba yana cewa gwamnati ta tabbatar da maganinsa yana kashe ciwon suga, ƙarya yake yi ko da lambarsa ta gaske ce. Talla ma sai da izininsu, kuma dokar abinci da magunguna ta hana tallata wa jama'a cewa abu yana warkar da cututtuka irin su daji, suga, farfaɗiya, hawan jini da ciwon ƙoda. Abin da kika sa a sitatus ɗin WhatsApp ma talla ne.

A jikin fakiti ki rubuta duk abin da ke ciki, ba "da sauran sirrika" ba, da nauyi, da ranar haɗawa, da ranar lalacewa, da lambar rukuni, da adireshi. Kowane rukuni ki ajiye fakiti ɗaya a gefe, ki rubuta a littafi gonar da ganyensa ya fito. Ranar da wani ya kira ya ce cikinsa ya ɓaci, da wannan littafin za ki gane ko matsalar taki ce, da kuma su wa za ki kira ki ce su dakata da sha.

Kada ki yarda da zancen nan na cewa ganye in bai yi magani ba, ba zai cutar ba. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, bincike ya nuna haka, don haka mai shan ƙwayar hawan jini da ya dage da shi safe da yamma yana iya jin jiri. Hulba tana sauke suga, ga mai allurar insulin wannan ba wasa ba ne. Citta mai yawa ba ta jituwa da magungunan tsinka jini. Saiwar zogale da ɓawonsa ba na mai ciki ba ne. Saiwar bishiyar da ake kira uwar magunguna in ta yi yawa guba ce. Sanamaki da filasko, waɗanda su ne asirin yawancin shayin rage tumbi, zawo kawai suke sawa, ruwan jiki ne ke fita ba kitse ba, kuma wadda ta daɗe a kai hanjinta zai daina aiki sai da su. Na san wannan shayin ne ya fi kawo kuɗi a wajen mata, shi da kayan mata. Ki bar wa masu yi. Tazargade kuma misali ne mai kyau: daga danginta aka ciro sinadarin da ke cikin magungunan maleriya na yau, har Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha jiƙonta a matsayin maganin maleriya ba, don abin da ke fita a ruwa ba shi da tsayayyen awo, ba ya kashe ƙwayar cutar duka, sai ma ya koya mata jure magani. Gargaɗin masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara da masu ciwon ƙoda ya fito a kwali da manyan baƙaƙe.

Wata rana wani zai zo miki da shawara a asirce, ya ce a daka ƙwayar kemis a zuba a gari don kwastoma ya ji aiki nan take. Haka ake yi: maganin ƙarfin maza na asibiti a cikin tsimi, ƙwayar ciwon gaɓoɓi a garin sanyi, sha-ka-fashe a maganin ƙiba. Mai ciwon zuciya ya sha na farko bai sani ba, mai gyambon ciki ya sha na biyu ya yi aman jini. Ki leƙa sashen wankin ƙoda na kowane babban asibiti ki ga layi, sannan ki tambayi likitoci me suke fara tambayar marasa lafiyar. Don haka kada ki sari garin da wani ya riga ya haɗa ki zuba a fakitinki, komai amincinsa. Ki sayi ganye da siffarsa, ki niƙa da kanki.

Za ki ga masu faɗin "yana maganin cuta arba'in" suna cika aljihu ke kina lallaɓa fakiti goma. Magori wasa kanka da kanka, yau yana kasuwar Kumo gobe yana Bajoga, ba ya komawa inda ya sayar jiya. Ke kuwa a unguwa kike, da adireshinki a kwali, cinikinki na mai dawowa ne. Ki sayar da ɗanɗano da ƙamshi da tsabta. Masu shayin bakin titi, ofisoshi, otal-otal, kayan buɗa-baki da azumi, kayan gara da na biki, duk kasuwa ce da ba ta buƙatar ki yi wa kowa alkawarin waraka. In kina son ganyen shayi na ainihi a haɗinki, ana nomansa a Kakara a tsaunin Mambila, nan maƙwabta a Taraba. Saƙonnin yabo da kwastomomi ke turowa kuma, wanda ya ce shayin ya yi daɗi ki nemi izininsa ki wallafa. Wanda ya ce ya warke daga suga ya daina shan ƙwaya, kada ki wallafa, ki kira shi ki ce ya je a auna shi.

Magungunan kakarki ban ce ki watsar ba. Ilimi ne, kuma irinsa yana bin tsofaffi kabari. In tana raye ki zauna da ita, in ta rasu ki nemi waɗanda suka gani a hannunta, ki rubuta komai: wace shuka, wane sashe, wane lokaci ake ɗiba, nawa ake sha, wa take hanawa. Tsofaffi suna da waɗanda suke hanawa, jikoki ne ke mantawa da wannan ɓangaren. Ki ɗauki shukar da ganyenta da furenta ki kai sashen nazarin tsirrai ko tsangayar harhaɗa magunguna ta Jami'ar Jihar Gombe a tabbatar miki da sunanta na kimiyya, don suna ɗaya na Hausa yakan hau shuka biyu, wani lokacin ɗayar mai guba. Daga nan ake maganar gwaji. Cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja ta bi wannan hanyar a shekarun 1990 da haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi, aka gwada shi a kan masu sikila har ya zama maganin Niprisan, kuma an rubuta yarjejeniya da mai haɗin a kan haƙƙinsa. Ke ma duk wanda za ki ba sirrin, a rubuta a sa hannu, kuma ki tuna ba ke kaɗai kika gaji kaka ba, sauran magada suna da haƙƙi in abin ya zama kuɗi.

Na basir ki fara kaiwa gwaji, amma ki sani abin da muke kira basir cututtuka ne da yawa, kuma mai zubar jini ta dubura asibiti ya kamata ya fara zuwa, don dajin hanji ma haka yake farawa. Na hawan jini ki bar shi a littafi har sai an gwada. Kafin nan, duk wanda ya zo nemansa ki tambaye shi yaushe rabon da a auna jininsa, in ya haura wata guda ki tura shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da shi.